Babi na Uku: Sunan Yanka da Sunan Gida

Takardar naira ashirin tana ɗauke da hoton mutum biyu. A gabanta akwai Janar Murtala Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A bayanta ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, 'yar ƙabilar Gbagyin nan da ta shiga cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954, har aikin hannunta ya kai Landan. Kullum takardar tana yawo tsakanin mai shayi da ɗan acaɓa da mai kayan miya, ba kasafai wani ke tsayawa ya dubi sunayen biyu ba, alhali kowannensu ta hanya daban ya iso ƙasar Hausa.

Murtala sunan Larabci ne, asalinsa Murtada, wato yardajje, laƙabin da aka fi sanin Sayyidina Ali da shi. Harafin da almajiran allo ke kira lodi shi ne ya rikiɗe ya koma "l" a bakin malaman zaure, kamar yadda ya yi a alwala da alƙali da larura, da kuma sunaye irin su Rilwanu da Raliya da Falalu. Ladi kuwa ba ta buƙatar ƙamus: yarinya ce da aka haifa ranar Lahadi. Na farko suna ne irin wanda liman ke raɗawa a yanka rago a kansa. Na biyu irin wanda kaka ko gwaggo ke laƙabawa ne a tsakar gida, ba rago ba goro, kuma sau da yawa shi ke bin mutum har kabari. Ɗaruruwan shekaru Bahaushe ya yi yana tafiya da waɗannan sunaye biyu, kowanne da aikinsa.

Ranar da jariri ya kwana bakwai, tun bayan sallar asuba ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Dattawan unguwa su zauna, yara su riƙa zagayawa da farantin goro da dabino, rago yana ɗaure a gefe. Uban jariri ko wakilinsa ya sunkuya ya raɗa wa liman sunan a kunne. Liman ya ce a yi wa Annabi salati, a yi addu'a, a shafa fatiha, sannan ya faɗi sunan. Maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita yadda matan cikin gida za su ji, sai guɗa ta tashi daga bayan katanga. Kafin hantsi an yanka ragon, wanzami ya yi wa jariri askin farko, masu shigowa barka suna ta cewa "Allah ya raya." Galibi uban ya riga ya san sunan tun ranar haihuwa, lokacin da ya yi wa jaririn huɗuba a kunne, amma sai yau ya zama na jama'a. Daga wannan rago aka sami kalmar sunan yanka.

Wanda zai zaɓi sunan yanka ba ma'anar kalmar yake fara dubawa ba, mai sunan yake dubawa. Da ma'ana ake bi, da wasu manyan sunaye ba su yi kasuwa ba. Abubakar a Larabci uban matashin raƙumi ne. Usman ɗan tsakon wani tsuntsun sahara ne dangin tuje. Jafaru ƙorama ce. Fatima ita ce wadda ta yaye ɗanta, Hadiza kuwa, wato Khadija, jaririyar da aka haifa kafin cikinta ya cika wata tara, abin da Hausawa ke kira bakwaini. Hamza da Abbas da Haidar da Usama duk sunayen zaki ne. Larabawan da suka ƙirƙiri waɗannan sunaye makiyaya ne da fatake, abin da ke gabansu suke kallo su sa wa 'ya'yansu, daidai yadda manomin Gobir ya dubi gona ya kira ɗansa Nomau. Abin da ya ɗaukaka sunayen shi ne mutanen da suka amsa su. Uban da ya sa wa 'yarsa Hadiza matar Annabi ta farko yake nufi, yana fatan 'yar ta ɗauko halinta. Sunayen annabawa ma da yawansu sun girmi shigarsu Larabci: Isiyaku daga kalmar Ibrananci ta dariya ya fito, Isma'ila kuma yana nufin Allah ya ji.

Da sunayen suka iso, harshen Hausa bai karɓe su yadda suke ba. Kalmar Hausa ta fi son ƙarewa da wasali, saboda haka Muhammad ya zama Muhammadu, Umar ya zama Umaru, Adam ya zama Adamu. Daga nan aka shiga gutsurewa: Mamman, Amadu, Audu, Habu, Iro, Idi, Sule, Ado, Jibo, Ya'u, a ɓangaren mata kuma Dije, Mairo, A'i, Shatu, Ma'u, Rabi. Wannan gutsure-gutsure ya kai har taswirar Nijeriya. Bayan jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga Zariya, wani ɗan sarki mai suna Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya kafa gari a kudu a 1828, garin ya ci sunansa. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin tarayya, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Ke nan jakadun ƙasashen duniya da ke rubuta "Abuja" a kan wasiƙunsu, sunan gida na wani Abubakar suke rubutawa.

Kusan kowane babban suna yana da abokin tafiya. In an ce Sadiƙu ko Garba an san Abubakar ne, Faruƙu da Sanda na Umaru ne, Halilu na Ibrahim, Maitama na Yusufu, Indo ta A'ishatu, Kulu ta Hauwa'u, Kubura ta Hadiza, Sadiya ta Halima. Binta ba komai ba ce illa "bintu", wato 'ya, daga yadda ake ambaton Fatima 'yar Manzon Allah. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, da ya rasu a 2017, sunansa na farko da na biyu a wurin Bahaushe abu guda ne.

Wani rukunin sunayen daga bangon littattafai ya sauko. Almajiri ya shekara yana karanta wani malami, in ya sami ɗa sai ya sa masa sunan malamin, ko da kuwa sunan garin malamin ne. Buhari ma'anarsa mutumin Bukhara, birnin da ke ƙasar Uzbekistan a yau, inda aka haifi Imam Bukhari mai tara hadisai a shekarar 810. Jelani yana komawa ga yankin Jilan na ƙasar Iran, mahaifar Shehu Abdulƙadir wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Tijjani daga Shehu Ahmadu Tijjani ne, da ya rasu a Fas a 1815. Gazali da Shafi'i da Busiri da Badamasi duk ta wannan ƙofa suka shigo, haka Inyass da Barhama a gidajen almajiran Shehu Ibrahim na Kaulaha. Akwai Buhari bila adadin a Daura da Maraɗi waɗanda ko a mafarki ba su taɓa ganin Bukhara ba.

Gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya bar nasa tambarin. Saboda girmama shi ne aka daina kiran Usman da yawa da sunansu, ana ce musu Shehu. Cikakken sunan shugaban ƙasa na Jamhuriya ta Biyu shi ne Shehu Usman Aliyu Shagari. Bello kalmar Fulfulde ce mai nufin mataimaki, ta bazu ne ta dalilin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837. Ƙanensa da ya gaje shi, Abubakar Atiku, shi ya yaɗa Atiku, wanda asalinsa wani laƙabin Sayyidina Abubakar ne. Shehu ya sa wa 'ya'yansa maza da dama Muhammadu, shi ya sa tarihi ke rarrabe su da suna na biyu: Muhammadu Sambo, Muhammadu Bello, Muhammadu Buhari.

Nan ne wata matsala ta taso. In mutum ya ƙudurta cewa duk ɗan da Allah ya ba shi Muhammadu ne, yaya uwa za ta kira ɗaya ba tare da huɗu sun amsa ba? Malamai suka warware ta da lissafin Larabci. Na fari Auwalu ko Lawal, na biyu Sani, na uku Salisu, sai Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru na goma. Yau an manta da lissafin, za ka tarar da Salisu ɗan fari, ko Rabi'u wanda ba shi da wa ko ɗaya, don an yi wa wani kawu takwara. Fulani suna da nasu tsarin tun da can, Dikko ga ɗan fari, Sambo ga mai bi masa, Hausawa kuma suka ara.

Babban dalilin da ya sa sunan yanka ke ɓuya shi ne alkunya. A al'ada mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce Malam, ko Alhaji, ko maigida, ko kawai "shi". Ba ta kama sunan surukinta ko surukarta, ba ta kuma kama sunan ɗanta na fari. To ga shi an haifi yaro an sa masa sunan kakansa, uban mijinta. Dole a nemo mafita, sai yaron ya zama Abba, ko Baba, ko Abbati, ko Baffa, ko Babangida. Yarinyar da ta ci sunan kakarta ta zama Ummi, ko Mama, ko Inna, ko Uwani, ko Hajiya tun tana rarrafe. Akwai magidanta masu furfura waɗanda abokan wasansu ba su ji sunansu na yanka ba sai ranar ɗaurin aure, da waliyyi ya faɗe shi a gaban shaidu, wasu ma sai an zo sanarwar jana'iza. Sunan tsohon shugaban mulkin soja Ibrahim Badamasi Babangida ya tattaro zubi uku a layi ɗaya: sunan annabi, sunan malamin littafi, da sunan alkunya.

Wanda ke son ganin lokacin da sunayen biyu suka haɗu, ya duba jerin sarakunan Kano. Littafin Tarihin Kano ya fara da Bagauda, sai Warisi, Gijimasu, Nawata da Gawata, Yusa, Naguji, har zuwa Shekarau da Tsamiya, babu Larabci ko ɗaya. Sai ga Usmanu Zamnagawa, bayansa kuma Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, aka ce a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali da addini, shi ma ana kiransa Ali. Daga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, tsarin ya zauna: Muhammadu Kisoki, Abubakar Kado, Muhammadu Shashere, Muhammadu Zaki, Muhammadu Kukuna. A Katsina akwai Muhammadu Korau, a Kabi Muhammadu Kanta. Abin lura shi ne da wane suna jama'a suka riƙe su. Fadar Kano Gidan Rumfa ake ce mata har gobe, babu mai cewa Gidan Muhammadu.

Sunan gida shi ne takardar haihuwar mutanen da ba su da takarda. Yana faɗin rana: Ɗanladi da Ladi, Ɗanliti da Altine, Ɗantala da Talatu, Bala ko Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Masu cewa waɗannan su ne tsantsar sunayen Hausa na kafin Musulunci sun yi gaggawa, domin sunayen ranakun mako bakwai ɗin kansu daga Larabci aka aro su. Ƙirar ce ta Hausa, kayan ginin na aro ne. Mutanen Akan na Ghana ma suna da irin wannan al'ada da nasu kalmomin. Kofi Annan, tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar Juma'a aka haife shi a 1938, kuma abin da Kofi ke nufi ke nan. Da a Kano ne, Ɗanjuma za a ce masa.

Yana faɗin lokaci: Azumi da Labaran cikin watan Ramalan, Sallau da Tasalla ranar idi, Anaruwa ana tsaka da ruwan sama, Shipkau lokacin shuka, Nomau lokacin noma. Irin waɗannan na damina an fi jin su yanzu a ƙauyukan Gobir da Adar da Arewa, inda takardun Jamhuriyar Nijar ke rubuta su da ƙa'idar Faransanci, Chipkaou da Nomaou. Yana kuma faɗin matsayin yaro a ɗakin uwarsa. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko, macen da ta biyo bayan maza Kande ko Delu, wanda ya zo bayan an daɗe ba a haihu ba Tunau, wanda aka ce ya wuce wata tara a ciki Shekarau, mai yatsa shida Cindo, wanda uwarsa ta rasu ta bar shi a hannun dangi Talle, na ƙarshe kuwa Auta. Tsohuwa a ƙauye tana jin an ce Tanko ta san yaron yana da yayye mata, ba sai ta tambaya ba.

Tagwaye nasu a yanke yake: Hassan da Husaini, Hassana da Husaina, duk da cewa jikokin Annabi masu waɗannan sunaye ba tagwaye ba ne, kusan shekara guda ce tsakaninsu. Shehu Usmanu da kansa ya taɓa kauce wa wannan al'ada. Da aka haifa masa tagwaye a 1793, ya sa wa namijin Hassan, macen kuwa ya ba ta sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u, marubuciyar da ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata.

Wanda ya biyo bayan tagwaye, mace ko namiji, Gambo ne. A 1933 aka haifi wata yarinya aka raɗa mata Hajaratu. Mahaifinta ɗan Ghana ne, mahaifiyarta Banufiya, kuma ta zo ne bayan tagwaye. Ta taso a Zariya, ta shiga jam'iyyar NEPU tana matashiya, ta sha ɗauri da duka saboda neman 'yancin mata da talakawa, siyasa ta ƙara mata suna na uku. Ta rasu a 2001. Akwai babban asibiti a Zariya da ke ɗauke da sunanta, kuma abin da aka rubuta a allonsa Gambo Sawaba ne. Hajaratu sai masu binciken tarihi.

Sunayen da suka fi kowanne nauyi su ne na 'ya'yan wabi. Wabi shi ne mace ta riƙa haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. A zamanin da ba rigakafi, ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna shiga gida su kwashi yara, akwai matan da suka binne biyar ko shida kafin ɗaya ya tsaya. Idan irin wannan uwa ta sake haihuwa, tsofaffin gidan ba sa murna da ƙarfi. Wasu sukan ɗauki jaririn su kai shi kan juji su ajiye kamar an yar, wata tsohuwa ta je ta tsinto shi, daga ranar sunansa Ajuji. Wani a ce masa Ayashe, ko Ajefas, wani a kira shi Bawa, a nuna kamar ba ɗan gidan ba ne, wani a huda masa kunne. Dabarar ita ce a nuna wa mutuwa, ko iskokin da ake zargi, cewa wannan ba abin so ba ne, ba shi da darajar da za a ɗauke shi.

Wasu iyayen ba su bi ta hanyar yaudara ba, roƙo suka yi kai tsaye. Barau da Abarshi da Abarta da Barmani duk magana ɗaya suke yi, a bar mana wannan. Dogara da Dangana kuwa sallamawa ce ga Mai Sama. Shahararriyar mawaƙiyar amada ta Funtuwa da ta rasu a 2013, sunanta na yanka Sa'adatu, amma duniya Barmani Choge ta sani. Malamai sun daɗe suna yaƙi da kai jariri juji da sauran camfe-camfen da ke tattare da shi, kuma suna da hujja, tunda an ruwaito cewa Annabi yakan canza suna mai mummunar ma'ana ya ba da kyakkyawa. Sai dai wanda ya tsaya a kan camfin kawai bai ji abin da ke cikin sunan ba. Duk inda aka ji dattijo mai suna Ajuji, a bayansa akwai wata uwa da ƙananan kaburbura. Yarabawa ma suna da irin waɗannan sunaye ga yaran da suke kira abiku. Cif Abiola, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, an sa masa Kashimawo, wato bari mu jira mu gani, saboda 'ya'yan da mahaifinsa ya haifa kafin shi duk sun mutu suna jarirai.

Suna yakan zama saƙo ga wani na uku. Labarin Bayajidda ya ce ƙwarƙwararsa ce ta fara haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Da sarauniya Daurama ta haifi nata sai ta mayar da martani, ta kira shi Bawo, wato a dawo da garin. Ko labarin ya faru haka ko bai faru ba, wanda ya tsara shi ya san gidan kishiyoyi, inda ake habaici da sunan yaro, da na akuya, da na zane. Bayi kuma iyayengijinsu ne ke sauya musu suna, galibi da addu'a ko godiyar da za ta koma kan ubangidan, irin su Nasamu da Nagode da Albarka. A zamanin Sarkin Kano Abbas, farkon mulkin Turawa, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki masu faɗa a ji shi ne Ɗanrimi Allah-bar-Sarki. Duk wanda ya kira shi, ya so ko bai so ba, ya yi wa sarki addu'a.

Waɗannan sunaye sun tsallake iyakar ƙabila da ta addini. Janar Theophilus Yakubu Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum, kuma Kirista. A kudancin Kaduna da Filato da kudancin Bauchi da Gombe akwai Ladi da Talatu da Asabe da Ɗanladi da yawa a majami'u. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito cikakkiya a 1932, ta yaɗa Bitrus da Bulus da Yohanna da Istifanus da Rifkatu da Rahila, na farkon biyu da sigar da Larabawa Kiristoci ke faɗinsu. Kuma a gidajen Kiristocin Arewa ne aka fi ci gaba da ƙirƙirar suna da kalmar Hausa zalla: Alheri, Godiya, Murna, Salama. Abin mamaki ne, amma haka yake, wanda ba Hausa ce harshen kakanninsa ba ya fi Bahaushen birni ƙarfin halin sa wa 'yarsa suna da Hausa.

A biranen yau kuwa kasuwar ta sauya. Aikin hajji da umara, da karatu a Madina da Alƙahira da Khartum, da tashoshin tauraron ɗan'adam, da wayar hannu, sun buɗe wani sabon rumbu. Ajin nazare a Kano ko Kaduna cike yake da Amir da Amira, Afnan, Ilham, Hanan, Aiman, Nawal, Sultan. Sunan yanka sau da yawa yana nan yadda yake, Muhammad ko Fatima ko sunan kaka, amma gurbin da Tanko da Jummai suke cikewa a da, yanzu waɗannan ne a ciki. Siyasar duniya ma takan bar sawunta: an sami Saddam da yawa bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka kuma sami Usama bayan 2001, yaran suka girma suna ɗauke da ra'ayin da iyayensu suka yi a wata shekara. Wasu iyayen kan tsinci kalma saboda daɗin amonta kawai, sai daga baya wani malami ya gaya musu cewa ba suna ba ce, ko ma'anarta ba ta da daɗi.

Takarda ita ma ta yi nata aikin. Rajistar makarantar boko ce ta fara neman suna biyu a jere, shi ya sa ɗaliban farko da yawa suka ɗauki sunan garinsu: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Isa Kaita. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a Kwalejin Katsina. Yanzu ga takardar haihuwa, ga lambar ɗan ƙasa, ga ta banki, ga ta jarrabawa, kowacce tana son suna ɗaya tak da rubutu iri ɗaya. Wanda aka rubuta Bala a firamare, Muhammad a sakandare, Mohammed a banki, sai ya yi ta zarya kotu neman takardar rantsuwa. Iyaye sun koyi darasi, suna tsayar da suna guda tun daga asibiti, wanda ake sadaukarwa kuwa kusan kullum na gida ne.

Wani ɓangaren wannan sauyi abin farin ciki ne. Ajuji da Ayashe suna ƙarewa ne saboda wa'azi ya yi tasiri, kuma rigakafi da asibiti sun rage yawan matan da ke binne 'ya'ya a jere. Babu mai fatan dalilin sunayen ya dawo. Amma guje wa Tanko da Kande da Lami da Anaruwa ba shi da wannan uzuri. Abin da ke korarsu shi ne tunanin cewa sunan ƙauye ne, ko kuma cewa suna sai na Larabci yake zama na Musulmi. Malaman fiƙihu ba su shar'anta haka ba, abin da suka nema shi ne ma'ana mai kyau wadda ba ta saɓa wa tauhidi. Musulmin Turkiyya da Iran da Indunisiya suna sa sunaye da harsunansu, Yarabawa Musulmi kuma suna jera na Larabci da na gida a kan takarda ɗaya, kamar yadda Moshood Kashimawo Olawale Abiola ya yi.

Fom ɗin rajistar haihuwa yana da gurbin suna na tsakiya. Uban da aka haifa wa 'ya ranar Alhamis, ya yanka rago ya raɗa mata Maryam, babu dokar ƙasa ko ta addini da ta hana shi rubuta Lami a wannan gurbi.